Wanda Bai Cire Takalmi Ba

Tun ranar Asabar ta farko a watan Yuli, babu sauran lambar mota ta jabu ko guda ɗaya a garin Wudil da kewayensa. Wannan ba zato ba ne, ba kuma jita-jita ba. Yana rubuce a shafi na goma sha huɗu na littafin taron Kwamitin Kare Martabar Gari, kuma ni na rubuta shi da hannuna, don ni ne sakatare. Daga jami'a aka ɗauko ni aka ba ni muƙamin, saboda ina da digiri uku da biro mai kyau, kuma ba na musu.

Asalin maganar sananne ne. Shekarun baya wata ɗabi'a ta shigo gari: duk wanda ya sayi mota mai ɗan jiki sai ya je a zana masa lamba mai koren rubutu, irin ta motocin hukuma. Ba ta hukuma ba ce, amma sai mutum ya tsuguna ya ƙura ido kafin ya gane, kuma a garinmu in an tsuguna gaban irin wannan mota, gaisuwa ake yi, ba karatu ba. Da aka sanar a rediyo cewa an haramta waɗannan lambobi, shugaban kwamitinmu, Alhaji Muhyiddeen, babban dillalin takin zamani, ya rungumi yaƙin kamar gadon gidansu. Ya bi gida-gida ya tattaro su. Aka tara jama'a a bakin gada, aka yi jawabi, aka watsa lambobin cikin kogi ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Daga yau Wudil ta tsarkaka." Na rubuta.

Mako uku bayan haka, ranar Juma'a da hantsi, wata farar a-kori-kura mai baƙin gilashi da koren rubutu ta shiga ta ƙofar bayan kara, ta ɗauke bijimin wata mata, ta fita.

*

Kara ita ce kasuwar shanu, kuma ranar Juma'a take ci. Da na isa, rabin kasuwar ya bar ciniki ya taru a rumfar 'yan sintiri. A ciki, kan benci, an zaunar da Auta, mai gadin ƙofar baya. Dattijo ne mai kusan shekara sittin, shekararsa goma sha tara a wannan ƙofa, ko ɗan akuya bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Jar hularsa tana kansa, usur ɗinsa yana rataye a wuya, yana kallon yatsun ƙafarsa.

Mai bijimin, Barakatu, tana zaune a ƙasa a gefe. Bazawara ce daga Kausani, shekara biyu tana turke da bijimin nan tana ba shi dusa da harawa.

Alhaji ya riga ya buga waya duk ofishin da ke da hannu a harkar dabbobi. Babu wanda ya aiko mota.

"To, magana ta fito fili," in ji shi. "Ba motar hukuma ba ce. Lambar jabu kuwa babu ita a Wudil. Dakta, ko akwai?"

"Shafi na goma sha huɗu, ranka ya daɗe," na ce.

"Saura me? Saura wanda ya ɗaga ƙarfen ƙofa da hannunsa. Da shi aka haɗa baki, ya ƙago mana labarin koren rubutu. Gobe da hantsi a taru a ƙofar gidana, daga nan mu miƙa shi ga 'yan sanda."

Jama'a suka yi na'am. Mutum ya yi shekara goma sha tara ba a kama shi da komai ba, wasu suka ce, ai wannan ma abin zargi ne.

Sai Barakatu ta ɗago kai. "Alhaji, a kira min Ɗantani."

"Wane Ɗantani?"

"Na Achika, mai bin sawu. Shi ya nemo wa babanmu shanu tun ina goye."

Alhaji ya yi dariya irin ta manya, wadda ba ta kaiwa ido. "Baiwar Allah, mota ake magana, ba jaki ba."

"Motar ai ba tashi sama ta yi ba," in ji ta.

Ya amince, ina jin don ya nuna shi mai adalci ne. Ya ce in bi tsohon in rubuta duk abin da ya faɗa, ko da shirme ne.

*

Bayan an sauko daga Juma'a Ɗantani ya iso, a ƙafa, da siririyar sanda a hannu. Ɗan ƙaramin tsoho ne, in ka gan shi a tasha sai ka ɗauka jiran canji yake. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiya, kuma duk tsawon gaisuwar bai dubi fuskata ba. Ƙafata yake kallo.

"Malamin boko," ya ce, "takalmin nan ba naka ba ne tun asali."

Na ƙanina ne da ya rasu. Shekara uku ina sa shi, matata ma ba ta lura ba.

"Ya aka yi ka sani, Baba?"

"Ta waje ya cinye, kai kuma ta ciki kake takawa. Mu je."

An yi ruwa daren Alhamis, ƙasar ƙofar baya kuwa laka ce mai riƙe sirri. Tun da aka kama Auta aka sa wa ƙofar sarƙa, saboda babu wanda ya san yadda ake gadinta sai shi, don haka babu ƙafar da ta sake bi ta wurin. Ɗantani ya ce mu tsaya a bakin ƙofa, ni da Barakatu. Ya tattare rigarsa ya shiga yana takawa kamar mai tsoron tayar da jariri.

Na yi shekara ashirin da biyu ina koya wa ɗalibai yadda ake karanta rubutu. A ranar na ga ana karatu.

"Nan motar ta tsaya," ya ce, yana nuni da sanda. "Taya uku 'yan uwan juna ne, na huɗu na baya ta hagu baƙo ne, kuma yana da tsaga. Nan mace ta durƙusa, gwiwa biyu, ta daɗe. Ta hagun tana mata ciwo, ta dogara da hannu kafin ta tashi."

"Tun haihuwar autana," in ji Barakatu a hankali.

"Nan mai gadi ya ƙame. Ya buga ƙafa har diddige ya nutse. Ya sara. Sai ya ga kamar sarawar ba ta isa ba, ya cire takalmi, ya tsuguna. Ga yatsunsa. Nan wasu biyu, suna wucewa abin ya rutsa da su, su ma suka zube. Ɗaya yana ɗauke da itace, ga inda ya yar. Bijimin ya yi turjiya sau biyu, sannan ya hau."

Ni abin da nake gani laka ce kawai. Amma yana faɗa sai ta fara bayyana, kamar hoton da ake wankewa: ga gwiwa, ga yatsu, ga kofato. Mutanen nan sun tafi tun safe, amma ƙasa ta riƙe su a yadda suke, kowa da girman tsoronsa.

Sai ya zagaya gefen da direba yake zama, ya tsaya. Ya daɗe a nan. Ya tsuguna, ya karkata kai, ya koma ta inda rana take ya sake dubawa.

"Barakatu, ara min ƙwaryar nan taki."

Ta miƙa masa ƙwaryar da ta zo da dusa a ciki. Ya kife ta a kan wurin, ya ɗora dutse.

"Me ka gani, Baba?" na tambaya, biro a hannu.

"Rana na gani tana so ta sha min shaida. Rubuta wannan."

Na rubuta.

*

Muka koma rumfa wurin Auta. Ɗantani ya zauna kusa da shi a bencin, ya ɓare goro ya ba shi rabi.

"Wa ka gani a motar?"

"Ban ga kowa ba, Baba. Gilashin baƙi ne, ɗan kaɗan aka sauke. Da Turanci aka yi magana, aka ce bijimin yana da cuta, za a kai shi gwaji."

"Kai kana jin Turanci?"

"A'a. Haladu dillali ne ya fassara mana."

"Motar fa? Ka taɓa ganinta?"

"Wallahi ban kalli motar ba. Lambar na gani. Ina ganin koren nan sai hannuna ya tashi da kansa. Shekara goma sha tara, Baba, duk wanda ya zo da kore ba a tambayarsa. Sau ɗaya na taɓa tambaya, ina sabon zuwa, aka sa na yi tsallen kwaɗo daga nan har bakin titi."

Barakatu ma ba ta ga fuska ba, don kanta yana ƙasa. Amma ta ce akwai abin da ya tsaya mata a rai.

"Motar manya turare take yi. In suka wuce har ka koma gida kana ji a mayafinka. Wannan kuwa warin takin zamani take."

Na san mai sayar da takin zamani da ke da farar a-kori-kura. Kowa ma ya san shi. Na rubuta "wari", na ja layi a ƙarƙashi, na wuce. Ilimi yana koya wa mutum inda zai tsaya.

"Wa ya ce ki kawo bijimin ƙofar baya?" Ɗantani ya tambaye ta.

"Haladu. Ya ce a can babu turmutsutsu, ni mace in jira a gindin bishiya, shi zai shigar da shi."

Muka sami Haladu a tsakiyar kara, yana sasanta cinikin wata saniya, hannunsa cikin hannun rigar wani Bafulatani. Ƙaton mutum ne mai fara'a, haƙoransa jajur da goro. Yana ganinmu fuskarsa ta koma ta ta'aziyya.

"Baba, kada Allah ya maimaita mana irin safiyar nan. Ina ganin lambar nan na zube ƙasa, takalmina ma ban san inda suka faɗa ba. Aka daka min tsawa in ɗora bijimi, na ɗora. Ni wa? Talaka ya ja da kore?"

"Allah ya kyauta," in ji Ɗantani, idonsa a ƙasa kamar kullum.

"Amin. Ni da za a ji tawa, a je a matse Sabo mai fenti. Shi yake zana musu."

*

Kafin mu isa tasha, maganar Haladu ta riga mu. Mutane sun kewaye rumfar Sabo, wasu har sun fara ba da shawarar a rushe ta. Sabo siririn mutum ne mai tabarau ɗaure da zare. Rabin motocin da ke bin hanyar Kano rubutun bayansu nasa ne.

"Ban sake zana ko harafi ɗaya kore ba tun da aka hana," ya ce. "Ga gwangwanin, ku duba, ya bushe."

Ɗantani ya sa yatsa a ciki. Fentin ya daskare kamar dutse.

"Nawa ka zana duka-duka?"

"Sha biyu. Na san kowacce kamar 'ya'yana. Alhaji ya karɓe su duka, na ga jerin."

"Ka je gada ranar da aka zubar?"

Sabo ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Na je. Mutum ai yana raka nasa. Ina tsaye can baya, ban ga komai ba saboda kawunan mutane. Amma ina jin ƙarar faɗawarsu a ruwa, ina ƙirgawa a zuci." Ya dube ni, ya dubi littafina. "Dakta, wannan kada ka rubuta."

Na ɗaga biro.

"Sha ɗaya na ji."

Wani daga cikin taron ya ce ai an san masunta sun yi nutso sun kwashe lambobin tun a ranar, su suke sayar wa ɓarayi. Nan take taron ya bar Sabo ya nufi bakin kogi, mu ma muka bi. Gaskiya ne, masunta sun kwashe su. A garin nan ba a taɓa jefa ƙarfe mai kyau a ruwa ya kwana ba. Amma ba su sayar ba. Wani tsohon masunci ya kai mu inda kwale-kwalensa yake kife, ya nuna mana: ya toshe ramukan cikinsa da su, ya bi da kwalta. Koren rubutu daga kai har gindi. A tarihin kogin nan ba a taɓa yin jirgi mai yawan muƙami irin wannan ba.

Ɗantani ya bi su da sanda ɗaya-ɗaya. Sha ɗaya.

"Baba," na ce muna hawowa daga gaɓa, "me aka rubuta a kansu, ka lura?"

"Ni ban iya karatu ba, malamin boko. Shi ya sa ba su taɓa ba ni tsoro ba."

Daga nan ya aro fartanya a wurin wani mai lambu, ya ce in tafi gida, shi zai koma ƙofar baya kafin la'asar ta yi sanyi.

*

Washegari na isa ƙofar gidan Alhaji da wuri don in gyara kujeru, na tarar Ɗantani ya riga ni. Ya karɓi tsintsiya ya share filin ƙofar gidan tas, ya yayyafa ruwa, har masu aikin gidan suna yaba ladabinsa. A gefe, Jamil, direban Alhaji kuma ɗan ƙanwarsa, ya fito da farar motar daga gareji ya ja ta gindin darbejiya yana wankewa. Lambarta shuɗiya ce, ta talakawa, kamar yadda doka ta ce.

Aka shimfiɗa tabarmi. Aka kawo Auta, aka kawo Sabo, Haladu ya zo a matsayin shaida, Barakatu ta zauna can gefe da mayafinta. Dattawan kwamiti suka jeru. Kowa ya zo sai ya cire takalmi a bakin tabarma, ya tsuguna ya gai da Alhaji, sannan ya nemi wuri.

"To, Ɗantani," in ji Alhaji, "an ce ka zagaya gari. Ƙasa ta ce a gaishe mu?"

"Ta ce, ranka ya daɗe."

Ya jawo ƙwaryar Barakatu, ya buɗe tsumman da ya rufe ta da shi. A ciki akwai faffaɗan ɓangaren laka da ya sara da fartanya ya ɗauko ɗungurum. A kanta ga sawun takalmi ɗaya, sarai kamar an buga hatimi, a gefensa kuma wani jan ɗigo.

"Mutum biyar ne a ƙasa lokacin da motar ta tsaya," ya ce. Ba ya ɗaga murya, sai da kowa ya yi tsit kafin a ji shi. "Huɗu sun cire takalmi. Matar nan ta durƙusa, mai gadi ya tsuguna, masu wucewa biyu sun zube. Haka aka koya mana, haka muka yi yanzun nan da muka shigo. Na biyar bai cire ba. Ya taka da takalminsa har jikin ƙofar direba. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya harɗe ɗayar, irin tsayuwar mai jingina da mota yana hira. Yana nan tsaye ya tofar da goro."

Ya ɗago kai, karo na farko da na ga ya dubi fuskokin mutane.

"Ni dai tun da nake ban taɓa ganin talakan da ya jingina da motar hukuma yana tofar da goro ba. Sai in ya san babu hukuma a ciki."

Ya miƙe ya je bakin tabarma, inda takalma suke jere fiye da talatin. Bai yi lalube ba. Ya ɗauko wani baƙin takalmi mai maɗauri da aka ɗinke da waya, ya ɗora a kan lakar. Ya zauna daram. Har gurbin wayar yana nan.

"Haladu, jiya ka ce ba ka san inda takalminka suka faɗa ba. Ba su faɗa ko'ina ba. Suna ƙafarka."

Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah," a hankali, kamar mai tsoron kada ƙasar ta ji shi ma.

Haladu ya dubi Alhaji, ya dubi hanya, ya ga mutane sun cika ta. Sai ya juya wajen darbejiya.

"Ni fassara kawai na yi. Ga mai Turancin can."

Jamil ya tsaya da soso a hannu, kumfa tana ɗiga.

"Ƙarya yake," in ji Alhaji. "Motata kowa ya san ta. Ga lambarta nan, shuɗiya."

"Kowa ya san ta, ranka ya daɗe, shi ya sa abin ya ba ni mamaki," in ji Ɗantani. Ya nuna filin da ya share da safe, inda motar ta bi ta bar layi biyu a jiƙaƙƙen yashi. "Taya uku 'yan uwa, na huɗu baƙo mai tsaga. Ban san me lambar take cewa ba. Amma notin da suka riƙe ta kawunansu sun yi fari. Na sauran jikin motar duk sun yi tsatsa. Waɗannan huɗun sun saba da kwancewa."

A ƙarƙashin kujerar baya aka sami lambar mai koren rubutu, naɗe cikin sabon tawul. Sabo ya karɓa da hannu biyu, ya goge ta da gefen rigarsa.

"Ta sha biyu," ya ce. "Ita ta fi kyau a cikinsu."

"Don tarihi na ajiye ta," in ji Alhaji, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Kawu," in ji Jamil, "ai kai ka ce in za mu Kano a riƙa—"

"Rufe min baki."

Auta yana zaune yana kallon motar. Ya ɗaga mata ƙarfen ƙofa ya fi sau ɗari, ya san karcen da ke gefenta, ya san Jamil tun yana rarrafe. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

*

Alhaji ya sallami jama'a ya ce kwamiti zai shiga ganawa. Muka shiga falo, aka rufe ƙofa. Ba a daɗe ba, don dattawan gari ba sa ɓata lokaci a kan abin da ya shafi martaba.

Kafin azahar aka dawo da bijimin daga wani gida a Ɗankaza, ya ɗan rame amma da ƙafafunsa huɗu. Barakatu ta kama igiyarsa, ta ce ta fasa sayarwa wannan makon, ta ja shi suka nufi Kausani. Jamil aka samo masa aiki a Kano a ranar. Haladu aka shawarce shi ya huta Juma'a biyu. Lambar kuwa Alhaji ya ce zai zubar da ita da kansa, a keɓe, don kada a tayar da hankalin jama'a.

Saura littafi.

"Dakta, rubuta," in ji Alhaji. "Bijimi ya tsinke igiya ya ɓata, kwamiti ya tashi tsaye ya nemo shi a Ɗankaza."

"Motar fa, ranka ya daɗe?"

"Wace mota? In ka rubuta mota sai ka rubuta lamba. In ka rubuta lamba, me za ka yi da shafi na goma sha huɗu? Ko so kake a ce kwamitin da kake wa sakatare ya yi ƙarya?"

Ban so a ce haka ba.

Sai wani dattijo mai hangen nesa ya tuna mana cewa akwai mutum ɗaya da ya rantse gaban rabin kasuwa cewa ya ga koren rubutu. Barakatu kanta yana ƙasa, masu wucewa sun wuce. Auta ne kaɗai ya ce ya gani da idonsa. Aka yi nazari. Aka cimma matsaya cewa Auta ba ɓarawo ba ne, kwamiti ya wanke shi tas. Sai dai shekaru sun ja, ido ya fara gaza, har yana ganin abin da babu. Mai irin wannan lalura bai kamata a bar masa ƙofa ba, don tausayinsa.

Na rubuta. Jimlar ta yi kyau ƙwarai, ban goge ko kalma ɗaya ba.

Aka kira shi ƙofar gida aka karanta masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya cire jar hular, ya kakkaɓe ta, ya ninke biyu. Ya zare usur daga wuyansa ya ɗora a kai. Sannan ya zame takalminsa, ya tsuguna a kan jiƙaƙƙen yashin, ya miƙa su da hannu biyu.

"Na gode, ranka ya daɗe, da aka wanke ni. Mabuɗin sarƙar yana ɗan cijewa, a gaya wa wanda zai zo ya riƙa ɗiga masa mai."

Ya sa takalminsa ya tafi, kansa babu hula, rana tana dukan furfurarsa.

Ɗantani yana tsaye a gefe da ƙwaryar da Barakatu ta manta. Na matsa kusa da shi da littafina a hammata, ina neman abin da zan ce.

"Ka rubuta, malamin boko?"

"Na rubuta, Baba."

"To, madalla. Naka ya fi daɗewa. Nawa ruwa ɗaya ne ya wanke shi."

Ya ɗauki sandarsa zai kama hanyar Achika. A gabansa ga sawun Auta a yashi, yatsu goma a nutse, takalma biyu a gefe. Ya tsaya ya dube shi ɗan lokaci. Sannan ya zagaye shi, bai taka ba.